Alkakin Inna da Goɗiyar Baffa

Ni mutum ne mai mantuwa, wannan kam kowa ya shaide ni. Na taɓa zuwa kasuwa da motata, na gama cefane na tari adaidaita na dawo gida, sai da na zo buɗe ƙofa na ga makullin mota a hannuna. Amma ko sunana zan manta, ba na jin zan manta ranar da wata goɗiya ta tuɓe mini riga a gaban mahaifin matar da nake nema. Har yau in na ji haniniyar doki, ko a talabijin ne, sai in ji hannuna ya kai kan aljihu.

Lokacin ina zaune a Yalwawa, ina aiki a wata ma'aikata a nan Dutse, irin aikin nan da rabinsa jiran wuta ne, rabinsa jiran oga. Rukayya kuwa ma'aikaciyar jinya ce, a Dutse take aiki, amma 'yar Garki ce gaba da baya. Mun daɗe muna tare, ta san halina na san nata, har magana ta kai inda ya kamata in je gidansu a gan ni, kafin a ce in turo magabatana. Ina son yarinyar nan, ba na ɓoyewa. In da a ce za a hana ni ita, ban san inda zan sa kaina ba.

Ana gobe tafiya ta kira ni a waya ta yi mini bayani.

"Baba ba shi da matsala," in ji ta. "Baffa ne abin ji. Shi ne yayan Baba, shi ke ba da aurenmu. In ya ce a'a, ko Baba ba ya sake ɗaga maganar."

Na ce, "Ya taɓa cewa a'ar ne?"

"Ya taɓa sallamar wani da motarsa ta fi taka, tun kafin shayinsa ya huce."

"Me ya yi?"

"Oho. Baffa dai ya ce bai yi masa ba. Kai dai ka zo yadda kake. In an ba ka abinci ka ci, gidanmu ba a son ƙi-faɗi."

Da na tsaya a nan da na huta. Sai ƙafata ta kai ni wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wai neman shawarar manya. Ina gaya mata abin da Rukayya ta ce, ta dafe ƙirji.

"Ci? A gidan surukai? Ranar farko? Kai, kada ka jawo mana abin faɗa! Ko ruwa aka ba ka, leɓe za ka jiƙa ka ajiye. Mu ba a san zuriyarmu da kwaɗayi ba."

(Wannan magana ta fito ne daga bakin matar da ba ta zuwa biki sai da kwano a cikin jaka. Amma a ranar na karɓe ta hannu biyu.)

Da sassafe na fito cikin sabuwar babbar riga ta farar shadda, ta sha aiki a wuya, ga aljihun ƙirji wanda telan ya yi shi kamar zai ɗauki ɗan akuya. Ban karya ba, don ina tsoron kada maiƙo ya ɗiga mini. Na ɗauki abokina Sagir ya raka ni, mutumin da tunda nake da shi ban taɓa ganin wata damuwa ta hana shi cin abinci ba. A Ringim ya sa na tsaya, ya sayo gurasa da ta sha ƙuli da mai, ya shigo mota ya baje ta a cinya. Ya miƙo mini na kau da kai. Haka na yi ta tuƙi ina haɗiyar yawu, shi kuma yana ba ni labarin yadda mai gurasar bai cika yaji ba.

Mun isa Garki rana ta ɗaga. Mahaifin Rukayya, wanda kowa ke kira Malam, mutum ne mai karantarwa a zaurensa, yana kuma taɓa noma, fari ne mai yawan shiru. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi har sai da gwiwata ta yi ƙara. Ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gida da hanya. Ba a jima ba aka fara shigo da kwanuka. Dambu ne da zogale, ya ji man gyaɗa, ga farfesun kaza a gefe yana tururi. Wallahi da aka buɗe kwanon nan sai da na ga zauren ya ɗan juya.

"Bismillah," in ji Malam.

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, alhamdulillahi, a ƙoshe nake."

Ban rufe baki ba cikina ya yi wani irin ƙugi mai tsawo, wanda ya fara daga ƙasa ya hau sama ya sake saukowa. Sagir ya yi tarin ƙarya don ya rufa mini asiri, amma ya makara. Malam ya dube ni, ya dubi kwanon. Sagir kuwa ya nannaɗe hannun riga ya ci nasa ya ci nawa, har yana tambaya ko man gyaɗar na gida ne.

Da azahar ta gabato Malam ya tashi yin alwala, Sagir ya bi shi, ni na ce ina da tawa. Suna fita sai ga Rukayya ta yi sallama, ɗauke da faranti an rufe shi da faifai. Ta ajiye a gabana, ta yi ƙasa da murya.

"Inna ta ce a kawo maka. Da hannunta ta yi tun jiya, saboda kai. Don Allah ka ci ko ɗaya ne, ka ga yadda idonka ya faɗa kuwa?"

Ta fita. Na ɗaga faifan nan. Alkaki ne, an jera shi ya yi tsini, yana sheƙi da zuma, irin wanda ake kai wa amare. Na dube shi ya dube ni. Na tuna Gwaggo. Na tuna cikina. Na ɗauki ɗaya zan kai baki, sai na ji ƙarar buta a bayan bango, na gane Malam na nan kusa, kuma alkaki ba abin da ake taunawa a ɓoye ba ne. In ya shigo ya same ni da kumatu cike, bayan na gama rantsuwar ƙoshi, ina zan sa fuskata?

A nan ne wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka ta masu ilimi ce. Na ce bari in ɗiba in zuba a aljihu, in mun kama hanyar Dutse in ci abina a mota cikin mutunci. Na zare na tsakiya a hankali, na bar na gefe yadda suke, na mayar da na sama ya rufe ramin kamar yadda ake rufe rumbu. Duk wanda ya kalli farantin zai rantse ba a taɓa shi ba. Na ja baya na duba aikina, har wani alfahari na ji. Aljihun ƙirjina ya ɗan yi nauyi, amma aikin wuyan rigar ya rufe komai.

Muka yi salla (Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana kan aljihu), aka shigar da kwanuka cikin gida. Malam ma ya shiga, ya ɗan jima, ya fito yana gyara hula, fuskarsa ɗauke da wani haske da ban gane ba.

"To, sai ku tashi mu je wajen Yaya," in ji shi.

Mu je. Ni a lissafina kwatance za a yi mana, mu tafi mu biyu, in cinye kayana a hanya. Sai ga Malam ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni, ya ce bismillah.

Hanyar ta yashi ce, ga rana, ga na'urar sanyin motata ta daɗe da yin ritaya. Ba mu yi nisa ba na fara jin zumar nan tana narkewa, tana bin ƙirjina a hankali. Ƙamshi ya cika mota. Malam ya ja numfashi, ya sake ja.

"Motar nan taka akwai ƙamshi."

Na ce, "Turaren mota ne, Allah gafarta Malam."

"Ikon Allah. Yanzu har irin wannan ake yi."

Daga baya na ji Sagir ma yana shinshina, amma shi bai san komai ba, don ban samu sararin gaya masa ba.

Bari in ba ku labarin wurin Baffa, don wuri ne da ya cancanci a gani, ko da mutum bai je neman aure ba. Baffa tsohon likitan dabbobi ne. Da ya bar aiki, maimakon ya gina shaguna kamar sauran tsaransa, sai ya koma wani kwari na gado can bayan Garki, mai tafki a tsakiya, ya kewaye shi da waya da ƙaya. Ya riƙa bin gari-gari yana karɓo dawakin da aka yar: wanda ya tsufa, wanda ya gurgunce, wanda wani ya saya don a gan shi da doki, da ciyarwa ta gagara ya bar shi a turke yana cin ƙasa. In ya yi musu magani sai ya cire ragama ya sake su. Ba a hawansu, ba a ɗaure su, ba a sayarwa. Shekaru suka tafi, suka hayayyafa a nan, har aka samu waɗanda tunda aka haife su ba su san linzami ba, ba su san hannun mutum ba. 'Yan uwa na ce masa ya zautu, amma mutane daga nesa suke zuwa kallo, har da ɗaliban jami'a daga Dutse.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai gwiwa. Muna tsayawa na hango su can bakin tafki, wasu na kiwo, wasu na kwance, sai wani ɗan dukushi ya zabura ba gaira ba dalili, sauran suka rufa masa baya, geza na tashi, ruwa na fallatsa. Gaskiya abin ya taɓa zuciyata. Ban taɓa ganin doki yana gudu don kansa ba, ba wanda ke bisansa, ba wanda ke kora. Na ɗan lokaci har yunwar na manta.

Baffa ya fito daga wata rumfa, dogo siriri, da malafa da takalmin roba, idanunsa ƙanana masu kaifi. Na zube na kwashi gaisuwa. Ya dube ni tun daga hula har ƙafa, kallonsa ya ɗan tsaya a ƙirjina, ya wuce. Malam ya ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus. Na ga kafaɗun Baffa na rawa, na ɗauka tari ne na tsufa, har na tausaya masa.

Ya dawo ya ce, "Ɗan Dutse, tunda ka zo, ai sai ka shiga ka ga iyalina. Amma ina da doka ɗaya. Ba a shiga da abin ci. In suka saba karɓa a hannun mutum, za su riƙa bin mutane, wanda kuwa ya bi mutum ɓarawo ya samu. Akwai mai wani abu a jikinsa?"

Sagir ya zaro wani guntun goro daga aljihu ya ajiye a kan dutse. Malam ya ɗaga hannuwa. Baffa ya juyo gare ni.

Ku gaya mini, don Allah, me zan ce? In zaro alkakin Inna a gaban mijinta, in jera a kan dutse kusa da goron Sagir?

Na ce, "Babu komai, Baffa."

"Madalla," in ji shi, ya buɗe ƙyaure.

Muka taka cikin ciyawa har ƙarƙashin wani gawo, Baffa ya ce mu tsaya a nan, kada mu matsa. Ya nuna mana wata goɗiya fara mai ɗigon toka, tana tsaye nesa da sauran, kai a sama.

"Waccan ita ce uwar garken. A nan aka haife ta. Ni da na ga haihuwarta ko jelarta ban taɓa taɓawa ba. Taƙikowa nake ce mata."

Kamar ta ji sunanta, goɗiyar ta juyo. Ta buɗe hanci ta shaƙi iska. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta sake shaƙa. Sai ta taho. Ta wuce Baffa kamar ba ta san shi ba. Ta wuce Malam. Ta kewaye Sagir, wanda ya riga ya ɓuya a bayan gawo. Ta zo gabana ta tsaya, numfashinta mai zafi na dukan fuskata, sannan ta sunkuyo da kanta a hankali ta ɗora hancinta a ƙirjina, daidai saitin zuciya.

Dattawan nan biyu suka zuba mini ido.

"Allahu akbar," in ji Baffa cikin wata murya mai rawa. "Malam, kana gani? Zuciyarsa take saurare."

"Ina gani, Yaya," in ji Malam, ya sa gefen rawaninsa ya rufe baki. Na ɗauka abin ne ya ratsa shi.

To, mai hankali a nan zai yi shiru ya roƙi Allah dabbar nan ta tafi. Ni kuwa da na ga dattawa biyu sun zuba mini ido cikin mamaki, sai wani abu ya hau kaina. Na ce a raina, kai, wannan fa dama ce. Na ɗaga hannu na shafa wuyanta, na gyara murya.

"Ai Baffa abin a jini yake. Kakana ma haka yake da dawaki. Duk dokin da ya gagara, shi ake kira."

(Kakana mai gyaran keke ne a bakin kasuwa. Dabbar da ya taɓa mallaka a rayuwarsa wata agwagwa ce, ita ma ta gudu.)

"Ashe!" in ji Baffa. "Yaya yake yi musu?"

"Magana yake yi musu a kunne."

"To, yi mata mu gani, ɗana."

Na kai bakina kusa da kunnen goɗiyar nan, na ce a hankali, "Don girman Allah ki tafi." Ta kaɗa kunne. Ta ƙara tura hanci cikin aikin rigata, ta fara lasa. Na ɗaga kai, sai na ga sauran garken sun bar bakin tafki, sun taho gaba ɗayansu, wani baƙin ingarma a gaba yana huci. Kafin in ce wani abu sun kewaye ni. Wannan ya shinshina hulata, wancan ya tura ni ta baya, ɗan dukushin nan da ya burge ni ɗazu yana jan igiyar wandona.

"Baffa," na ce, murya ta siririce, "ina ga sun gaisa haka nan."

"A'a, bar su. Ba kullum suke samun jikan mai dawaki ba."

A daidai nan Taƙikowa ta gaji da lallashi. Ta buɗe baki ta cafki aljihun nan da haƙora, ta ja baya da ƙarfi. Kun san babbar riga, ba ta da abin da ke riƙe ta sai wuya. Na sunkuya don kada ta tafi da kaina, sai rigar ta zame ta rufe mini fuska. Ban ƙara ganin komai ba sai farar shadda. Ina juyi, ina salati, ina kiran Sagir, daga baya ma an ce har mahaifiyata na kira, wadda ke can Dutse ba ta san abin da ake ciki ba. Ja ɗaya ta ƙara, rigar ta fita fit, hula ta yi nata wuri, na faɗi zaune cikin danshin da ba na son in faɗi ko na mene ne.

Na buɗe ido na gan ni daga ni sai 'yar ciki, ƙirjinta ya yi jawur da zuma, ƙananan tururuwa sun riga sun kafa layi a kai. Goɗiyar kuwa ta ɗaga rigata sama tana kaɗawa. Aljihun ya ɓarke. Alkaki ya riƙa zubowa cikin ciyawa, dawaki suka yi kansa. Wani guda ya gangaro ya tsaya daidai gaban takalmin Malam.

Malam ya sunkuya ya ɗauka. Ya juya shi, ya duba, ya shinshina, cikin natsuwar mai duba littafi.

"Wannan ai hannun gidana ne," in ji shi.

Na sha jin mutane na cewa sun so ƙasa ta tsage su shige, ban san gaskiya suke faɗa ba sai ranar. Kunya ta rufe ni, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne na san na rasa Rukayya. Wanda motarsa ta fi tawa ma an sallame shi, balle ni da na zo da sata a aljihu da kakan ƙarya.

Baffa ya daka wa dawakin tsawa suka watse, ya tsaya a kaina. Fuskarsa ba dariya ko kaɗan.

"Wa ya shigo mini da abinci wurin nan?"

Sai ga Sagir ya fito daga bayan gawo, Allah ya saka masa da alheri. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, a gafarce ni, ni ne. Ni na ɗiba na zuba masa a aljihu bai sani ba. Kowa ya san ni da ci."

Kuma fa maganar ta zauna daram, don duk wanda ya ga abin da Sagir ya yi wa dambun nan zai yarda. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru. Baffa na kallona, Malam na kallona. Na buɗe baki in ce haka ne, sai na ji na gaji. Na gaji da ƙoshin ƙarya, na gaji da turaren mota, na gaji da kakana.

Na ce, "Baffa, ba shi ba ne. Yana wajen alwala. Ni na ɗiba da hannuna. Yunwa nake ji tun safe, kunya ta hana ni ci. Kuma kakana keke yake gyarawa."

Ban san wanda ya fara ba. Na dai ga Malam, mutumin nan mai yawan shiru, ya dafa gawo yana dariya har rawaninsa na kwancewa. Baffa kuwa zama ya yi a ƙasa, ya cire malafa yana dukan cinya da ita, hawaye na zuba. Sai da suka yi mai isarsu, sannan Malam ya share ido ya ce, "Ɗana, ai tunda farantin ya koma ciki Innarsu ta ɗaga na sama, ginin naka ya rufta. Ta ji daɗi, ta ce ashe ya ci. Na ce mata bai ci ba, don ina bayan bango ban ji tauna ba. Da na fito na ga ƙudaje sun bar kowa sun bi ƙirjinka, sai na ce bari in kai wa Yaya, ya daɗe bai yi nishaɗi ba."

Ashe tarin da na tausaya wa Baffa a kai dariya ce, ni ake yi wa.

Aka koma rumfa. Baffa ya ba ni wata tsohuwar rigarsa mai warin maganin dabbobi, ya sa aka dama fura a babbar ƙwarya, ya ajiye a gabana ya ce, "Sha." Na dubi ƙwaryar, na tuna Gwaggo, na ce ta yi haƙuri. Na kafa kai ban ɗago ba sai da na ga gindinta, a gaban surukai biyu, har da gyatsa.

Baffa ya jira na ajiye ƙwaryar, sannan ya nuna garken da haɓa.

"Ka ga waɗancan? Kowanne akwai wanda ya taɓa cewa nasa ne, ranar da ya zama nauyi ya sauke wa wani. Ƙaryar ƙoshi da ta kaka ba su dame ni ba, duk mun yi a zamaninmu. Malam ga shi nan, ranar da ya je gaida surukansa suma ya yi don yunwa."

"Yaya," in ji Malam.

"Abin da nake jira in gani shi ne ko za ka bar abokinka ya ɗauki kayanka. Da ka yi shiru ɗazu, da yanzu kana hanyar Dutse, kuma ba za ka taɓa sanin dalili ba." Ya mayar da malafarsa. "Ka turo magabatanka. Amma ka ɓata mini goɗiya, sai ka biya. Kaka ta zo, ina neman mai ɗaukar harawa."

Na ɗauki harawa kuwa, duk ƙarshen mako har aka gama kaka, ni da ban taɓa ɗaukar abin da ya fi fayil nauyi ba. Kuma Baffa bai yi ƙarya ba, na ɓata goɗiyar. Tun daga ranar duk baƙon da ya shiga kwarin nan sai ta zo ta caje shi, har sai da aka daina barin mutane su wuce ƙyaure, aka kuma sauya mata suna zuwa Tasanaljihu. In ta hango ni kuwa, tun daga bakin tafki take tahowa da gudu, baƙi su yi ta mamaki, Baffa ya ce musu, "Ku bar shi, abin a jini yake."

Gwaggo har yau ba ta san abin da ya faru ba. Tana nan tana gaya wa mutane cewa shawararta ce ta samo mini mata.

Rukayya ta yi mini dariya har ta gaji, yanzu sai in mun yi faɗa take tuna mini. Wadda ba ta gaji ba ita ce Inna. Ba ta taɓa ce mini uffan a kan maganar ba, mace ce mai kawaici. Sai dai duk ranar da muka je Garki, za a kawo mini farantin alkaki an rufe da faifai, in na ɗaga sai in ga an ninke 'yar leda an ajiye a gefe. Ranar farko na tambayi Rukayya ta mece ce, ta ce, "Inna ta ce kada a ɓata riga."

Ni dai abin da na koya ke nan, kuma ina ba duk mai shirin zuwa gaida surukai kyauta: in an ba ka abinci, ka ɓoye shi a cikinka. Nan ne kaɗai wurin da na tabbatar goɗiya ba ta kaiwa.